Taɓarya Mai Rawani

Shafi na 17

Masu turo min saƙo wai tsoho ya yi barci a kan labari, to ga shi na farka. Ku gyara zama.

Dum. Dum. Dum.

Ba ganga ba ce, ba kuma janareton maƙwabta ba. Ƙarar ta fi kama da wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa, yana kuma jin kunyar a buɗe masa. Mutmainna ta ji ta a daren da washegarinsa za su yi tafiyar makaranta. Ta ɗaga labulen tagarta kaɗan, sai ta hango mahaifiyarta Jumai a bayan kicin tana daka. An ɗora turmin a kan tsohon matashin kai, an naɗa wa kan taɓaryar ɗankwali kamar rawani, don kada sautin ya tsallake katanga ya shiga kunnen Talatu, maƙwabciyarsu mai kunun gyaɗa a ƙofar masallaci, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Abin da ya fi ɗaure wa Mutmainna kai shi ne mahaifinta. Malam Ari, ladanin masallacin layinsu a unguwar Bukan Sidi da ke Lafia, mutumin da ko hanyar kicin bai sani ba, yana tsugune a gefen turmi yana haska wa matarsa da fitilar waya. Wani wari mai ɗaci na sassaƙen itace yana tashi.

Ta saki labulen ta koma ta kwanta, amma barci ya ƙi.

Akwai abin da ta riga ta ji. Kwanakin baya ta dawo daga makaranta ta tarar da Jumai a lungun rijiya tana waya da Ɗanmusa mai maganin gargajiya. Wayar Jumai irin mai kururuwar nan ce, kowa na jin ɓangare biyu. Jumai na gaya masa wai ƙullutun nononta na hagu ya ƙara tauri, kan ya shige ciki, ya kuma fara fitar da ruwa mai jini-jini. Shi kuma daga can yana ta nanata mata cewa kada ƙarfe ya kusanci wurin, kada ma a kai sassaƙen inji tunda inji ƙarfe ne, a daka shi a turmin icce.

Mutmainna ta haɗiye maganar tun ranar. Ba ta san ta inda 'ya ke fara tambayar uwa abin da ke ƙarƙashin rigarta ba.

*

Da sassafe bas ɗin ya tashi daga makarantarsu ta Shabu. Ƙungiyar wayar da kai kan lafiya ce ta shirya tafiyar zuwa Makurdi, wai ɗalibai su ga ciwon daji da idonsu a ɗakin da makarantar likitoci ke adana sassan jikin da aka cire wa marasa lafiya. Miyuziyam ɗaliban can suke ce masa. Gaskiyar magana, yawancinsu kifin Makurdi da ɗaukar hoto a bakin gada ne suka fito da su. Ita kanta Mutmainna kiwon kaji take karanta, ta shiga ƙungiyar ce kawai don suna ba da riga mai kyau.

Shugaban ƙungiyar, Zakiyyu, wani dogon yaro mai son a saurare shi, ya tsaya a gaban bas yana jawabi da Turanci har suka wuce gonakin doya. Ba wanda ya ji abin da ya ce. Mutmainna ta jingina kai da gilashi, duk ramin da taya ta faɗa sai ta ji dum, dum.

Ɗakin da aka shigar da su dogo ne, mai sanyi, da wani wari da ke sa ido ruwa. Kantoci daga ƙasa har sama, a kansu kwalabe manya da ƙanana, kowace da wani abu yana iyo a ciki shiru. Surutun ɗalibai ya mutu a bakin ƙofa.

Akwai huhu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Akwai hanta da ta yi ƙuraje farare ta ciki kamar an zuba mata gyaɗa. Akwai kuma wani dunƙule da aka ciro daga cikin wata mace, aka tsaga shi, sai ga gashi a naɗe da haƙora farare tas a ciki, ba baki, ba kai, haƙora kawai. Ni da nake ba ku labarin nan, da an bar ni a ɗakin, da a gaban wannan kwalbar zan wuni. Me haƙoran ke jira su ci? Allah mai yin yadda ya so.

Likitan da ya karɓe su, Dakta Ushahemba, gajere ne mai furfura. Da ya ji daga Lafia suke sai ya saki Turanci ya kama Hausa, ya ce ai a Akurba ya girma, nan cikin Lafia, har yanzu 'yan uwansa na can. Hausarsa irin ta gari ce, mace da namiji duk hanya ɗaya yake bi da su.

Ya kai su gaban wani tebur inda aka ajiye nonon roba, na koyarwa. Ya ce kowa ya shafa da tafin yatsunsa, a hankali, ya faɗi abin da ya ji. Samari suka fara ture juna suna ƙunshe dariya. Da layi ya zo kan Mutmainna ta ɗora yatsu, robar ta lotsa, sai can ciki ta ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi.

Dakta ya ci gaba da bayani. Ya ce abin da ke yaudarar mutane shi ne, da farko ba ya ciwo. Ƙullutu ne kawai mai tauri. Daga baya kan nonon ya shige ciki, fata ta yi kamar ɓawon lemo, ruwa mai jini ya fara fita.

Mutmainna ta janye hannunta. Kamar ya tsaya a lungun rijiyarsu ya saurari wayar Jumai.

Ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu ba. Ta ce, "Dakta, wai da gaske ne idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu?"

Ya dube ta ta saman gilashinsa. Ya ce wannan tambayar ta fi duk kwalaben ɗakin nauyi. Ya ce mutum zai zauna a gida yana gudun allura da wuƙa, ciwo na tafiya a ɓoye har ya kai hammata, ya kai ƙashi, sai jiki ya ƙare a kawo shi asibiti. In ya mutu a ce ƙarfe ne ya kashe shi.

"Ba ƙarfe ne yake baza ta ba, 'yata. Zama ne. Wanda ya zo tana ƙarama, da yawa suna nan suna cin tuwo."

Aka matsa zuwa kwalba ta ƙarshe a kusurwa. Wata fata ce da tsoka, da kan nono a lotse, amma gashi ya kewaye shi, baƙi da fari. Zakiyyu ya leƙa ya ce wannan baiwar Allah gemu gare ta a ƙirji. Aka kwashe da dariya.

Dakta bai yi dariya ba. Ya ce ba mace ba ce, wani magidanci ne. Ya ce maza ma suna yi, ba da yawa ba, amma su suka fi kowa zuwa a makare, don kunya ba ta barinsu su buɗe riga.

Mutmainna ta ji maganar sama-sama, kamar rediyon gidan wani. Kallo ɗaya ta yi wa kwalbar ta koma bakin ƙofa tana ta kiran lambar Jumai, ba a ɗauka. Da aka fita cin kifi ba ta ci ba. Da aka tsaya hoto a bakin gada, ta fito a hoton tana kallon ruwa.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gida. Malam Ari na masallaci. Jumai na zaune a tsakar gida da faranti a cinya tana ɓarar agushi. Ta ɗago ta yi mata sannu da hanya, ta tambaye ta ko ta taho musu da busasshen kifi.

Mutmainna ta ajiye jaka ta durƙusa a gabanta. Duk maganar da ta shirya a mota ta watse.

"Mama, gobe za mu asibiti."

Jumai ta tambaye ta me ke damunta, ko motar ce ta juya mata ciki.

"Ba ni ba. Ke. Na ji wayarki da Ɗanmusa. Jiya kuma na gan ku kuna daka."

Hannun Jumai ya tsaya a cikin faranti. Ta dubi katangar Talatu, ta dubi ƙofar gida. Sannan ta miƙe ta kama wuyan hannun 'yarta ta ja ta ɗaki, ta tura ƙyaure.

Mutmainna ta fara zuba, hawaye na bin maganar. Ta faɗi nonon roba, ta faɗi ƙwallon dabino, ta faɗi abin da Dakta ya ce a kan ƙarfe da zama. Ta ce ko me Baba zai ce, ko da jan ƙafa ne sai ta kai ta. Jumai na tsaye tana saurare, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Da ta gama, Jumai ta kwance zaninta zuwa ƙugu. Ta kawar da kai gefe ta ce, "Tunda kin zama likita a yini ɗaya, duba."

Mutmainna ta runtse ido don kunya, ta shafa da tafin yatsu yadda aka koya musu. Hagu. Ba komai. Ta ce ko ta rikice ne, ta shafa dama. Ba komai. Ta buɗe ido. Fata lafiya lau, ba lotsawa, ba ruwa, ba jini. Ta sake komawa hagu ta danna har Jumai ta doke mata hannu.

"Ya isa. Ba tuwo ba ne."

Mutmainna ta zauna a bakin gado. Ta ce to ina ƙullutun ya tafi? Ko maganin Ɗanmusa ne ya narkar da shi?

Jumai na ɗaura zani ta ce ta kwantar da hankalinta, ai an riga an je asibiti. Ta ce ranar da aka yi gwajin mata kyauta a cikin gari ta je ta bi layi tun safe. Ta gaya wa nas komai, taurin, shigewar kan, ruwan, ba ta rage ko ɗaya ba. Nas ta duba ta, ta kira wata ta duba, har suka shafa mata wani abu mai santsi suka bi da na'ura suna kallon talabijin. A ƙarshe suka ce ba daji ba ne, ba komai ba ne, wataƙila tunani ne ya yi mata yawa.

"Na dawo na gaya wa Malam. Ranar ya ci abinci sosai. Yanzu ruwan ne kawai muke so ya tsaya."

"Wane ruwa, Mama? Ba ruwa a jikinki."

Jumai ta shiga gyara zanin gado da ba abin da ya same shi.

Daidai nan lasifikar masallaci ta yi ƙara, Malam Ari ya ɗaga murya da kiran Magariba. Muryar da Mutmainna ta taso tana ji, wadda da can takan ja har sai kajin unguwa sun gama hawa makwanci. Yau ya ja kaɗan ya yanke, ya numfasa, ya sake kamawa.

Sai abubuwa suka fara zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba.

Yadda yanzu hannun dama kaɗai yake kaiwa kunne in yana kira, na hagu na rataye. Yadda yake naɗe makirfo da hankici kafin ya riƙe, 'yan majalisa suna tsokanarsa wai ya zama ɗan gayu. Makullan masallaci da ya daina sawa a aljihun gaba, ya koma ɗaure su da igiya yana ja nesa da jiki. Babbar riga da tsakar rana, a zafin Lafia. Mutumin da da can yake ratsa tsakar gida da tawul a kafaɗa, yanzu da rigarsa yake shiga wanka, da ita yake fitowa.

Kwalba ta ƙarshe. Gashi baƙi da fari.

Ta ce a hankali, "Mama. Ciwon wa kika kai asibiti?"

Jumai ta zauna a ƙasa, ta jingina da gado.

"Layin na mata ne, Auta. Ina kike so namiji ya tsaya? Ladan guda, a tsakiyar mata masu goyo?"

"Amma ke suka duba."

"Ai ciwon na faɗa musu. Ciwo suke dubawa. In Malam na zazzaɓi, ba ni nake zuwa kemis in faɗi yadda yake ji a ba ni magani ba? Ya taɓa ƙin warkewa?"

Jumai ba ƙarya take yi ba, ta yarda da abin da take faɗa har cikin ranta. Ta ce hatta Ɗanmusa bai sani ba, shi ma a matsayin nata ta kai masa, don Malam ya rantse in wani namiji ya ji, ba zai ƙara hawa matakalar masallaci ba.

Mutmainna ta ce ita na'ura, jikin da aka ɗora ta a kai kawai take gani. Ta ce da za a ɗora ta a kan akuyar Talatu, lafiyar akuya za ta faɗa.

Jumai ta ɗago. A karon farko tsoro ya fito a idonta sarai.

"Kina nufin ba a duba shi ba ke nan?"

"Ba a duba shi ba, Mama."

"To wannan abincin da ya ci, da sadakar da muka yi ta godiya..."



*

Malam Ari ya shigo bayan an idar da salla, yana jan igiyar makullansa. Mutum ne mai barkwanci, rabin laƙabin da ke Bukan Sidi daga bakinsa ya fito. Ya ga Mutmainna a tsakar gida sai ya ce a'a, likitar kaji ta dawo daga ƙasar kifi, ina tsarabarsa?

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi Jumai, ta sunkuyar da kai. Ya zauna a kan tabarma a hankali, yana dafa ƙasa da hannun dama, ya gyara babbar rigarsa ta gaba.

Mutmainna ta durƙusa nesa kaɗan. Kalmar ba za ta fito daga bakinta a gaban mahaifinta ba, ko da wuƙa a wuya. Sai ta bi ta wata hanya.

"Baba, yau na ga wata kwalba."

Ya ce ai Makurdi ba a rasa kwalabe.

"A ciki akwai abin da aka cire daga ƙirjin wani mutum. Namiji. Magidanci, mai furfura."

Malam Ari ya daina wasa da igiyar. Ya juya ga matarsa.

"Jumai."

"Ban gaya mata ba, Malam. Ta gani ne. Kuma ta ce gwajin da aka yi min bai hau kanka ba."

Sauro ya sauka a goshinsa bai kore shi ba. Da ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba, tambayoyi ya shiga jerowa, irin waɗanda Mutmainna ba ta zata ba. Ya tambaya ko kwalbar babba ce. Ya tambaya ko an rubuta sunan mutumin a jiki. Ta ce ba suna. Ya tambaya ko ɗalibai sun yi dariya da suka gani. Ta so ta ce a'a, amma ta ce sun yi, likitan ne bai yi ba.

"Mutumin yana raye?"

Ta ce ba ta sani ba. Ba ta tsaya ta tambaya ba, hankalinta na kan Mama a lokacin. Ta ce abin da ta sani shi ne abin da likitan ya faɗa, cewa ba ƙarfe ke baza shi ba, zama ne, kuma waɗanda suka je da wuri da yawa suna nan.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san garin nan ba. Ya ce marigayi Mailafiya mai shinkafa sau ɗaya santsi ya kwashe shi a bakin rijiyar masallaci, aka sa masa Sulɓi, yau jikokinsa a makaranta jikokin Sulɓi ake ce musu.

"Ni kuma me za a sa min? Ladan mai nono. In na ce Allahu akbar, yara su amsa da dariya a bayan katanga. Yayanki Imran ya zo daga Keffi a nuna shi a ce ga ɗan wane. Ke kuma wa zai kawo goro gidan nan?"

Mutmainna ta ce ita ba goro take so ba. Ta ce ita kiran sallar da ake ja har kaji su kwanta take so ya dawo.

Jumai ta share ido da gefen mayafi. Ta ce Malam ya yi wa Allah, ita ta gaji da wankin jini a ɓoye, kuma sassaƙen nan tun da aka fara ba abin da ya ragu sai barcinta.

Malam Ari ya ɗora hannun dama a kan ƙirjinsa ta saman riga, kamar mai jin bugun wani abu. Ya ce wani lokaci in gari ya yi shiru yakan ji kamar abin na sauraronsa. Ya ce ya kasa gane yadda abu zai zauna a jikin mutum, ba ya ciwo, ba ya magana, amma kullum ya fi jiya.

Sannan ya ce, "Likitan nan namiji ne?"

"Namiji ne, Baba. Dattijo."

"Ɗan ina ne?"

Akurba ta zo har bakin Mutmainna. Ta tuna ya ce 'yan uwansa na nan. Ta haɗiye.

"A Makurdi yake."

Malam Ari ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ce to. Ya ce za a ce ya tafi sarin agushi ne, na'ibi ya riƙe kiran salla. Mutmainna ta raka shi, ta tsaya a waje, shi kaɗai zai shiga ya buɗe riga. In sun ce allura, a yi allura.

Jumai ta fara hamdala, ya ɗaga mata yatsa.

"Da sharaɗi. Daga ni sai ku biyu. In mutum ɗaya a layin nan ya ji, ɗaya tak, ba inda za ni. In shiga ɗaki in rufe, in jira abin da Allah zai yi. Kun san ba na magana biyu."

Suka ce sun ji. Mutmainna ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta fara lissafin motar da za su hau da sassafe, da yadda za ta samu lambar Dakta daga wurin Zakiyyu ba tare da ya yi mata jawabi ba. Jumai ta miƙe za ta kwashe shanya kafin duhu ya rufe. Ta isa igiyar da ke lungun bayan kicin, inda take ɓoye wankin Malam, ta tsaya. Ta duba ƙasa. Ta duba bayan turmi.

Aka yi sallama a ƙofa.

Kafin a amsa Talatu ta riga ta shigo, zaninta a ɗaure a ƙirji, tana mita wai akuyar nan tata za ta kashe ta, komai iska ta jefo sai ta tauna. Ta ga Malam Ari a zaune sai ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta ce ashe Baba Ladan na ciki. A hannunta akwai farar singileti, babba, ta maza, gefe ɗaya a tattaune.

Ta ce iska ce ta jefo ta tsakar gidanta, da ƙyar ta ƙwace daga bakin akuya. Ta ce da har za ta wuce da ita ƙofar masallaci ta yi cigiya wurin masu shan kunu, sai ta ce bari ta fara tambaya a nan.

Ta juya singiletin ciki ya koma waje, ta ɗaga ta saitin ƙwan lantarki. A ɓangaren hagu, daidai ƙirji, an yanko kofi ɗaya na tsohuwar bireziya an ɗinke shi da zare baƙi, ɗinkin hannu, irin na Jumai. Wanki bai fitar da koren magani ba, bai kuma fitar da ɗaya tabon ba.

Jumai na tsaye da hannu a kan igiya. Mutmainna na durƙushe. Malam Ari ya ja babbar rigarsa ya rufe har wuya.

Talatu ta dubi wannan, ta dubi wancan, singiletin na lilo a hannunta.

"Maman Imran, ni ban gane ba. Rigar na namiji ne, abin ciki na mace ne. To jinin na waye?"